Ƙaryar Da Ta Yi Ƴaƴa

Masu iya magana sun ce ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Amma a wata mangaza da ke dab da babbar kasuwar Maraɗi, cikin watan Maris na 2023, an shuka ƙarya da gangan, kuma da kyakkyawar niyya, ta tsira dare ɗaya, ta yi ƴaƴan da suka kusa raba wani attajiri da mutumin da suka yi shekara 26 suna ciniki ba a taɓa jin kansu ba. Wanda ya yi shukar ɗan ƙanwar attajirin ne, saurayi mai shekara 24, wanda ya karanto ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, a Yamai, ya komo gida yana jiran aikin gwamnati.

Kawun nasa Alhaji ne mai sayar da kayan masarufi a sari: shinkafa, sukari, man girki, shayi, madara da taliya. Rabin cinikinsa bashi ne. Ƙananan ƴan kasuwa sukan zo daga Tasawa, da Dakwaro, da Madarumfa, da Gidan Rumji, su ɗauki kaya ranar kasuwa, in sun sayar su kawo kuɗi. Lissafin duka yana hannun magatakardan mangazar, wani dattijo da kowa ke kira Malam, wanda ke rubuta kome da biki cikin babban kaye mai baƙin bango. Saurayin ya ce wa kawunsa zai gina masa manhaja ta intanet, yadda ko yana Kano ko yana Kwatano zai duba salularsa ya ga wanda ya biya da wanda ake bi. Alhaji ya yarda, da sharaɗin a gama kafin azumi, lokacin da sukari da madara ke fita kamar ruwa.

Mai karatu da bai san wannan sana'a ba, ya ɗauki manhajar tamkar kanti mai ɗaki biyu. Ɗakin gaba shi ne fuskar da ake gani a gilashin salula. Ɗakin baya shi ne rumbun bayanai, inda ake jera kome cikin jadawali: na abokan ciniki daban, na kaya daban, na bashi daban. To, rumbun da ba a zuba masa hatsi ba, ba a sanin ko gindinsa zai ɗauki nauyi. Maginin manhaja ba zai san ko lissafinsa daidai yake ba, ko shafi zai buɗe da sauri, sai ya ga rumbun cike da dubban layuka. Ba ya kuma kyautu ya yi gwaji da sunayen mutane na gaskiya da basussukansu, domin bashi asiri ne, kwamfutar hannu kuwa tana ɓata, ana sace ta. Tun 2017 ma Nijar ke da dokar kare bayanan mutane. Saboda haka sai a ƙirƙiro mutanen da babu su, da basussukan da ba a ci ba, a cika rumbun gwaji da su. Masu sana'ar suna kiran wannan aiki shuka, da kalmar da manomi ke kiran tasa.

Ba da hannu ake ƙirƙiro su ba. Akwai wani kayan aiki mai suna Faker, wanda in an ce masa ya kawo suna, ko lambar tarho, ko kwanan wata, sai ya zaro ɗaya ta hanyar ƙuri'a. Wanda saurayin ya yi aiki da shi, na harshen PHP ne, wani Bafaranshe, François Zaninotto, ya rubuta shi a 2011, ya ajiye shi a 2020, wasu suka ci gaba da kula da shi. Manhajar kuwa bisa Laravel ya ɗora ta, rumbun nasa na MySQL ne.

Daren farko da ya ba da umarnin shuka, sai jan rubutu ya cika masa gilashi: kuskure mai lamba 1406, wato abin da ake son zubawa ya fi wurin da aka tanada tsawo. Ya ware wa lambar tarho gurbi 8, kamar yadda lambobin ƙasar nan suke, alhali ya saita Faker a kan Faransanci, shi kuwa yana kawo lambobin Faransa masu gurbi 10. Ya faɗaɗa wurin, shuka ta shiga. Da safe ya kai wa kawunsa yana murna. Alhaji ya sa tabarau, ya bi sunayen da yatsa, ya ga Anasaru mazauna garuruwan da bai taɓa ji ba, sai ya fashe da dariya.

«Ɗana, waɗannan yaushe suka ci bashina?»

Malam kuma ya leƙo, ya ga an rubuta wa wani bashin sefa 12.345 da santim 67, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa riƙe santim a hannunsa ba, kuma a kasuwar nan abin da bai kai dala ba, ba kuɗi ba ne. Alhaji ya tuɓe tabarau ya ce: «In kana so in gane abin nan, sa mini mutane irin namu.»

Daga wannan magana aikin ya soma, daga ita kuma masifar ta samo tushe. Saurayin ya yi sati biyu yana gyara ƙarya domin ta yi kama da gaskiya. Ya mayar da kuɗi cikakkun lambobi masu rabuwa da 5. Ya komar da lambar tarho gurbi 8, masu farawa da 96 ko 90. Ya zauna ya rubuta jerin sunayen maza da na mata, da na garuruwan da ke kewaye da Maraɗi, ya ce wa na'ura ta riƙa haɗa sunan mutum da na ubansa. Har kwanakin cin bashin ya warwatsa su cikin wata shida, don kada a ga duk rana ɗaya aka ci su.

Nan take wani kuskuren ya fito, mai lamba 1366. Rumbun ya karɓi duk sunan da ke da wasalin Faransanci mai ɗigo a ka, amma da ya zo kan Ɗanladi da Ɗan Isa sai ya ƙi. Dalili shi ne jadawalin abokan ciniki ya gado shi daga wani aikin makaranta da ya yi da hannu, kuma yana kan tsohon tsarin haruffa na yammacin Turai, wanda shi ne MySQL ke zaɓa da kansa kafin fitowar zubi na 8 a 2018. Wannan tsari bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. In ba a tsaurara masa ba ma, sai ya karɓa shiru ya sa alamar tambaya a gurbinsu. Ya juya jadawalin zuwa tsarin Unicode, haruffa masu ƙugiya suka samu mazauni. Da ya tsaya ga Anasaransa, da ba zai gane wannan rami ba sai ranar da aka zo rubuta mutumin gaskiya.

Sai kuma na uku, mai lamba 1062, wato an maimaita abin da aka ce ba a maimaitawa. Wannan shi ya fi ba shi wahala, domin yau ya fito, gobe ya ɓuya. Ya ba kowane abokin ciniki lambar kati mai gurbi 4, yana ganin tun da lambobi 10.000 ne, mutum 500 ba za su yi karo ba. Lissafi bai ce haka ba. Kamar yadda cikin mutum 23 ya fi yiwuwa a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya, haka cikin lambobi 10.000, kafin a zaro 120 an riga an wuce rabin yiwuwar karo. A 500 kuwa sai dai ikon Allah. Ya umarci Faker da ya riƙa tuna abin da ya riga ya bayar. Ya kuma koyi ɗaure ƙuri'ar da lamba guda tabbatacciya, yadda kowace shuka za ta fito da mutanen jiya sak, don in kuskure ya fito a iya sake kama shi. Amma jan rubutun bai tafi ba, sai ya koma kan sunaye, domin ya hana a rubuta suna ɗaya sau biyu. Da ya yi wa Malam ƙorafi, sai dattijon ya buɗe kaye ya nuna masa mutum bakwai masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, kowanne an bambanta shi da garinsa ko laƙabinsa. Ashe a nan ba ƙaryar ce ta yi kuskure ba, dokar da ya kafa ce ba ta san mutanen ƙasar ba. Ya cire dokar, ya ƙara gurbin laƙabi.

Na ƙarshe shi ne mai lamba 1452. Kowane layin bashi yana ɗaure da lambar mai shi a jadawalin abokan ciniki, kuma rumbun ba ya yarda a rubuta bashin wanda babu shi; masu sana'ar da kansu uba da ɗa suke kiran jadawalan biyu. Shi kuwa ya sa ana shuka bashi kafin mutane, ana haihuwar ɗa ba a haifi uba ba. Ya gyara jerin, mutane suka riga. Sa'an nan, don kada abin ya sake faruwa har abada, ya rubuta layi ɗaya: duk bashin da za a ƙirƙiro, a duba waɗanda ke cikin jadawalin a wannan lokaci, a zaɓi kowa a ɗora masa. Jan rubutu ya ɗauke. Bai san garin gyaran gira ya kai hannu ga ido ba.

Cikin ƙarshen Fabrairu aka buɗe rumbun gaskiya a kan intanet. Shi da Malam suka yi dare goma suna kwashe abin da ke cikin kaye: abokan ciniki 214 da basussukansu. Alhaji ya yi murna, ya ce wa Malam ya hutar da bikinsa. Malam ya ce to. Amma kowace yamma, in an rufe mangaza, yakan zauna ya rubuta cinikin ranar kamar yadda ya saba.

Ranar Alhamis, ana sauran sati biyu azumi, aka kira saurayin ya gyara farashin shinkafa da ya shiga ba daidai ba. A kwamfutarsa akwai wata ƴar takardar saiti wadda ke gaya wa manhaja rumbun da za ta nufa. Ya canza adireshin ya nuna na gaskiya, ya yi gyaransa, aka kira sallar la'asar, ya rufe ya tashi. Da dare ya so ya gwada wani sabon shafi na jimillar wata, ya ba da umarnin shuka kamar kullum. Laravel yakan tsaya ya tambayi mutum ko ya tabbata, amma sai in takardar saitin ta ce wurin aikin gaskiya ne; tasa kuwa, a wancan layin, har yanzu gwaji take cewa. Cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, mutum 500 da basussuka 3.000 suka shiga, babu jan rubutu ko ɗaya. Ya kwanta yana jin daɗi. Wajen 900 daga cikin basussukan nan sun sauka a kan mutanen da ke da rai da iyali.

Juma'a ranar kasuwa ce a Maraɗi. Alhaji yana duwan wajen fid da kamyo, Malam ya tafi suna Tibiri. Da hantsi wani tsoho mai kanti a Tasawa ya iso da jika 85 ƙulle cikin leda, ragowar abin da ake bin sa, yana nufin ya biya ya ɗauki kayan azumi. Yaron mangaza ya buga sunansa, ya duba, ya ɗaga murya a gaban ƴan dako da sauran masu saye:

«Baba, ai ba jika 85 ba ne. Miliyan ɗaya ne da jika 240.»

Tsohon ya ce a karanta masa kayan. Aka karanto buhunan sukari na watan Disamba, da katan-katan na madara. Ya ce shi bai taɓa sayar da madara ba. Yaron ya kira Alhaji. Alhaji, yana tsaye cikin rana da takardun duwan a hannu, ya duba salularsa ya ga lambar nan dai, sai ya faɗi maganar da daga baya ya yi da-na-saninta: «Ku ce masa na'ura ba ta mantuwa.» Yaron ya maimaita yadda aka faɗa masa. Tsohon bai ce uffan ba. Ya ajiye jika 85, ya nemi resi, ya ninke shi ya sa aljihu, ya fita bai ɗauki ko ƙwayar shinkafa ba.

Kafin a sauko daga masallaci mutum uku sun ƙara yin gardama. Da Malam ya komo ya ji, bai yi magana ba, ya jawo kaye daga ƙarƙashin tebur ya buɗe shafin Tasawa: jika 85. Aka aika kiran saurayin. Yana buɗe jadawalin ya ga abokan ciniki 714, sai jikinsa ya yi sanyi. Ya ɗago ya ce: «Kawu, ni ne.» Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya tambaye shi abu ɗaya: «Wanne ne na gaskiya a ciki?»

Tambayar nan ba ta da amsa a ido. Sunayen irin namu ne, garuruwan na kusa ne, kuɗin na rabuwa da dala, kwanakin a warwatse suke. Duk alamar da za ta tona ƙaryar, shi da hannunsa ya share ta. Kwafin ajiya kuwa, wanda ya yi niyyar tsarawa bayan salla, babu shi.

Ba shi ne farkon wanda ya ɗauki rumbun gaskiya a matsayin na gefe ba. Ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, yana aikin dare, ya ba da umarnin sharewa a kan babbar na'ura yana zaton ta biyu ce. Kusan gigabait 300 suka tafi, kamfanin ya yi asarar bayanan awa shida. Ranar 13 ga Janairu 2018, a jihar Hawai ta Amurka, ana cikin atisaye aka aika wa jama'a saƙon cewa makami mai linzami yana tafe, aka yi minti 38 kafin a ƙaryata. Amma waɗannan suna da ma'aikata da masu magana da yawunsu. Shi abin da ya taɓa mutuncin kawunsa ne, wanda shi ne jarin mai ba da bashi.

Abu ɗaya ya cece shi: rumbun yana ba kowane layi lamba bi da bi, kuma wannan lamba ita kaɗai ce bai ƙirƙira ba. Cinikin ƙarshe na yammacin Alhamis, wanda Malam ya nuna a kaye, shi ne layi na 1.940. Daga 1.941 zuwa 4.940 shukar dare ce. Abin da ya biyo baya, layi 17, cinikin safiyar Juma'a ne. Ya fara ɗaukar kwafin rumbun yadda yake, sa'an nan ya cire basussukan, daga baya mutanen, domin yadda ba a rubuta ɗa kafin uba, haka ba a share uba a bar ƴaƴa. Alhaji ya ce bai yarda ba sai an bi layi-layi. Dare biyu Malam yana karantawa daga kaye, saurayin yana amsawa daga gilashi. Wuri uku suka saɓa, kuma duk ukun yatsan saurayin ne ya zame tun ranar kwashewa.

Ranar Lahadi da sassafe Alhaji ya ɗauki Malam da kaye da ɗan ƙanwarsa, suka kama hanyar Tasawa. Suka tarar da tsohon zaune a ƙofar kantinsa. Bayan an gaisa, an kawo ruwa, saurayin ya durƙusa ya bayyana abin da ya faru, bai rage kome ba. Tsohon ya saurara har ƙarshe.

«To yaro, kai da ka ƙirƙiro mutum 500, me ya hana ka ɗora musu bashinsu su kaɗai?»

«Baba, na ce wa na'urar ta zaɓi kowa.»

«Kowa?»

«Kowa, Baba.»

Tsohon ya gyaɗa kai, ya juya wajen Alhaji. «Yaro ya yi kuskure, kuma ya zo da ƙafarsa, na yafe masa. Amma kai, Alhaji, shekara 26. Da aka ce maka ga maganata ga ta na'ura, ko a dakata ba ka ce ba.»

Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce: «Na yi laifi, Yaya. Ka gafarce ni.» Tsohon ya ce Allah ya gafarta wa kowa. Aka yi addu'a, aka shafa, amma da Alhaji ya ce za a aiko masa da kayan azumi, sai ya ce ya riga ya ɗauka a wani wuri.

Da suka komo, saurayin ya rushe rabin aikinsa na sati biyu. Ya bar wa ƙaryar haruffa masu ƙugiya da sunaye masu maimaituwa, domin su ne ke tona ramukan manhaja, amma ya sa mata tambari: kowane suna na shuka yana farawa da kalmar GWAJI, kuma bashin shuka ba ya hawa kan kowa sai mutumin shuka. Ya sa umarnin ya riƙa duba sunan rumbun tukuna, in ba na gwaji ba ne ya ƙi tashi. Ya cire mabuɗin rumbun gaskiya daga kwamfutarsa, ya tsara kwafin ajiya kowane dare, kuma sau ɗaya a wata yakan gwada maido da shi ya gani ko yana buɗewa. Lambobin tarho su suka fi ba shi tsoro da ya tuna: ya yi niyyar bayan salla manhajar ta riƙa aika saƙon tuni ga masu bashi, lambobin da ya ƙirƙiro kuwa masu 96 da 90 suna iya zama na mutanen da ba su san mangazar ba. A Amurka an ware lambobi daga 555-0100 zuwa 555-0199 domin finafinai da irin wannan aiki, Faransa da Ingila ma suna da nasu. Shi sai ya sa nasa duk su fara da 00.

A goman ƙarshe na azumi tsohon Tasawa ya sake shigowa mangazar, ya ɗauki kayan salla, rabin abin da ya saba. Da aka zo lissafi, yaron mangaza ya juyo masa da gilashin don ya gani da idonsa. Bai dube shi ba. Ya ce: «Malam, buɗe kaye.» Malam ya buɗe ya karanta, saurayin ya duba nasa, lambar ɗaya ce. Tsohon ya ce madalla, ya sa a ɗaura masa kaya. Da yamma Alhaji ya aiki yaro kantin littattafai, aka sayo sabon kaye mai baƙin bango da kwalin biki, ya ajiye su a kan teburin Malam bai ce kome ba.